Katin Famara a Buhun Sukari

Litinin, 22 ga Yuli

Yau mun yanki tikitin jirgin ruwa daga Dakar zuwa Zigincor. Awa uku a layi a tashar jirgin ruwa, rana tana dukan ƙeya. Ni da na tashi a Jirnda, inda in za ka wani tsibiri hannu kawai kake ɗagawa kwale-kwale ya tsaya maka, yau wata mata a bayan gilashi ke ce mini "kati". Na ce ga fuskata. Ko murmushi. Ta karɓi katin ɗan ƙasa, ta dube shi, ta dube ni, kamar akuyar da take taya. Sai ta ce in ba da lambar wayar wani ɗan uwa. Na ce gaisuwar iyaye za ki je? Famara, abokin ɗakina, ya taka mini ƙafa.

Shi ya karanta mini abin da suka manna a bango, tunda da Faransanci ne, mu 'yan allo ko oho. Ƙofa ƙarfe biyu, a rufe biyar da rabi, jirgi ya tashi takwas. Sunan da ke tikiti shi ne na kati, ba aro, ba sayar wa wani. Ba tukunyar gas, ba wuƙa. Ya yi ta ja kamar mai tilawa. Ni dai na bar shi na bi mai gyaɗa.

Shekara uku muna ɗaki ɗaya a unguwar Gran Yof ban taɓa ganinsa haka ba. A ƙauyensu samari za su shiga kurmi ran Lahadi da hantsi, abin da Jolawa ke kira bukut. Rabon da a yi a garinsu shekara ashirin da bakwai, ba a ma haife shi ba. Wanda ya shiga ya zama namiji, ya yi aure, ya yi magana a taron maza. Wanda ya rasa sai ya jira na gaba. Na lissafa masa: lokacin yana da shekara hamsin da ɗaya, da furfura, ana aikensa sayen ashana. Ya jefe ni da takalmi.

Ni kuma za ni ne don bikin Jolawa ba ɗan Serer miya ce ba gishiri. Haka na gaya masa. Mu Serer taubasan Jolawa ne, in ban je ba wa zai zage su?

Laraba, 24 ga Yuli

Mai gidan Famara bai sake shi ba sai gobe, akwai tayil ɗin bene ɗaya da bai gama ba. Shi ya sa muka rasa jirgin Talata. Na Juma'a kaɗai ya rage.

Yau sau shida ya taɓa aljihun gaba. Na ƙirga. Namiji da kati kamar mai sabon ciki.

Alhamis, 25 ga Yuli

Gwaggo Nyima, yayar baban Famara, ta iso daga unguwar Pikin da kaya kamar mai ƙaura. Shinkafa buhu uku, sukari buhu ɗaya, atamfa, robobi, albasa. Tana shigowa ta ce, "Ina bawan nan nawa? Zo ka sauke, abin da aka haife ka dominsa ke nan." Na ce Gwaggo, wa ya taɓa ganin mai kai shinkafa yankinku na Kasamans, gidan shinkafa, in ba Bajola ba, ku da cikinku ba ƙasa? Ta yi dariya har ɗankwali ya zame.

Na yi abin. Famara yana wanka na zare katin daga aljihun rigar, na sa masa kwalin shayi da na yanka daidai girmansa. Na kwance bakin buhun sukari, mai jar igiya, na tura katin can ciki, na ɗaure. Ya fito ya taɓa aljihu, ya ji tauri, ya yi ajiyar zuciya. Na kusa mutuwa don dariya. Sai da na fita waje na ciji riga.

Gobe a bakin ƙofa in bar shi ya yi gumi minti biyar, ya fanshi katinsa da goro goma, kamar yadda aka saba. Bara shi ya ɓoye mini wando ran Sallah, ban manta ba.

Juma'a, 26 ga Yuli, cikin jirgi, kafin magariba

Allah ya isa. Ban san wa nake ja wa ba, amma Allah ya isa.

Da safe na tafi bakin teku in sallami mai kwale-kwalenmu. Na dawo ɗaki ba kaya. Gwaggo ta ce an kai tasha tun ƙarfe tara. Na ce to. Me zan ce? A garinmu kayanka na ƙarƙashin ƙafarka, a kan buhunka kake zama har ka sauka. Na ɗauka za mu tarar da su jibge a bakin ruwa, kowa na gadin nasa.

Ƙarfe huɗu muka isa ƙofa. Gwaggo ta wuce. Na wuce. Na juya na riƙe ƙarfen shingen ina jira. Famara ya sa hannu a aljihu, ya miƙa wa jandarma kwalin shayi. Wallahi ko yanzu in na tuna fuskar jandarman... a'a. Ba abin dariya ba ne. Amma na yi, na yi har da durƙusawa. Na ce Bajole, kawo goro in gaya maka inda ubangidanka ya ajiye. Mutanen layi ma wasu sun dara, sun gane wasan taubasai ne.

Ya ce, "Latir, ina?" A hankali.

Na ce buhun sukari, mai jar igiya, je ka ɗauko.

Bai motsa ba. Ya ce, "Buhun yana cikin jirgi tun ƙarfe goma."

To a fito da shi mana! Abin da na ce ke nan, kuma har yanzu ban ga laifin maganar ba. Buhu ne, ba gawa ba. Suka kira wani mai farar riga, shugaban masu kaya, ya ce kaya in an auna an manna takarda sai a zuba a kwantena, a kulle, a jera a cikin cikin jirgi, ba mai buɗewa sai Zigincor. Namu yana can ƙurya, motoci a gabansa. Na ce ni zan shiga, ni siriri ne. Ya ce an rubuta a bango, an faɗa a lasifika da Wolof, kati da magani da kuɗi a jikinka suke zama. Famara ya ce, "Na karanta maka." Ƙarya... to, wataƙila lokacin gyaɗa ne.

Na roƙi jandarman. Ni, da ban taɓa roƙon kowa ba. Na ce ga tikitinsa da sunansa, ga gwaggonsa, ga ni, mu rantse da Alƙur'ani. Na ja masa aya a kan sauƙaƙa wa bayin Allah. Ya ce, "Malam, ayar ta yi, katin nake jira." Famara ya nuna hoton katin a waya. Wai hoto ba kati ba ne. To katin ma ba hoto ba ne a jiki? Takardar ɓatan kati kuma sai ofishin 'yan sanda, yammacin Juma'a, sai dai Litinin.

Na ce to ni ma na fasa, a buɗe mini in fita. Gwaggo ta riƙe mini wuyan riga. Ita ce ta tsara komai a tsaye, ba ta ɗaga murya ba. Mota ta Gambiya sai da kati a iyaka. Zagaye Gambiyar ta garin Tamba, da damina, da shingayen hanya, ba kati, ba tabbas. Saboda haka Famara ya kwana Dakar, gobe ya hau mota zuwa Kar Ayib, bakin iyaka ta arewa, ya zauna. Ni in bi jirgi, in karɓi buhu, in haura da katin in same shi, mu juyo tare.

Famara bai dube ni ba. Gwaggo ya duba, ya ce ta sha maganin jiri tun kafin a tashi. Ya saɓa jakarsa ya juya. Biyar da rabi suka ja ƙofa, ƙararta har cikin haƙorina.

Da ma ya zage ni. Ba zai yi ba. Bajole ba ya fushi da ɗan Serer, haramun ne tun kakanninmu mata biyu da kwale-kwale ya rabe da su. Yau na ga mugun amfanin wannan doka.

Juma'ar dai

Sun ƙwace mini wuƙar gyaran kifi da ɗan kurfotin shayi. Sun manna musu lamba, wai a can zan karɓa. Ba a hura wuta a jirgi. Shayi sai na kantinsu, ruwan zafi da ya ga ganye daga nesa.

Kujerata lamba ɗari da goma sha huɗu. Ta Famara na gefena. Wani mai ƙaton ciki ya zo zai miƙe ƙafa a kai, na ce da mai ita.

Asabar, 27 ga Yuli, da safe, mun shiga kogi

Jiya kafin a tashi wani yaro mai kaki, wanda na tabbata ko a kwata bai iya iyo ba, ya tsaya yana koya mana sa rigar ceto. Ni. Ɗan masunci. Wai tana ƙarƙashin kujera, ka zura kai, ka ɗaure igiya ta gaba, in ka ji ƙaho sau bakwai gajeru da dogo ɗaya ka nufi inda aka zana lambarka a sama, ba gudu, ba ɗaukar kaya. Na ce a ranta, ba ɗaukar kaya, ai kun riga kun ɗauke.

Da asuba bayan salla na gwada sa'a. Akwai ƙofa mai jan fenti da ke sauka wajen motoci. Na kai matakala ta uku aka cafke ni. Mai farar rigar nan ne kuma. Ya ce fasinja ba ya sauka nan in jirgi na tafiya, in na sake zai miƙa ni ga jandarma a Zigincor in kwana biyu a can. Kwana biyu. Na haɗiye abin da ke bakina, ya yi ɗaci. Na ce yi haƙuri, yallaɓai. Allah ya gani ba daga zuciya ba ne.

An tsaya tsibirin Karaban, wasu suka sauka. Wanda ba nan ne zangonsa ba ko ƙafa ba ya sawa ƙasa. Ana ƙirga masu sauka ɗaya-ɗaya kamar awakin haraji.

Turawa na can sama suna ihu sun ga manyan kifayen nan masu tsalle. Ni ban ga abin ihu ba.

Gwaggo ta same ni a jikin ƙarfe ina zagin jirgin da masu shi. Ta miƙo mini burodi da ta shafa wa wake. Na ce ba na ci. Ta ce, "Ci, bawa da yunwa ba ya aiki." Na ce Gwaggo, ke ma kin gani, mutum da gwaggonsa da tikitinsa a hana shi saboda ɗan roba? Sai ta ce jirgin da ke bin hanyar nan a da, wanda ya kife da jama'a tun ba a haife ni ba, ba a tsananta tambaya ba, wanda ya zo da roƙo irin nawa ana tausaya masa ya hau. Ƙanenta Atab haka ya hau. Sunansa ba ya kowace takarda. Sai da suka sha wuya kafin a yarda yana ciki.

"Ni in sun tambaye ni kati sau goma, sau goma zan ba su," in ji ta. Ta karkaɗe zani ta koma ciki.

Na tambaye ta? Wa ya ce ta gaya mini? Yanzu ko zagin ma ba ya daɗi.

Na ci burodin.

Asabar, azahar, Zigincor

Mun sauka sha ɗaya. Kaya kuma sai an gama fitar da motoci. Sannan kwantena ɗaya-ɗaya. Sannan ka nuna 'yar takardar da aka ba ka jiya, lambarta ta dace da ta jikin buhu, in ka yar da ita ka shiga uku. Gwaggo ta ciro tata daga cikin ɗankwali.

Namu ne na biyun ƙarshe. Ƙarfe ɗaya da rabi. Na yanke jar igiyar da haƙori tunda wuƙata na wani layin dabam, na zura hannu har kafaɗa, sukari ya zube, mata na salati. Ga shi. Fuskar Famara da sukari a goshi.

Na bar wuƙar da kurfotin. Su ci.

Asabar, a mota

Mota mai cin mutum bakwai, ni ne na baya a tsakiya, tsakanin mai kaji da wata mai goyo. Sai da muka jira mutum ɗaya minti arba'in. Na ce direba mu tafi, ya ce kujera ba ta tafiya da iska. Katin na cikin wandona, a ɗaure da igiyar buhun.

Famara ya kira sau ɗaya. "Kana ina?" Na ce mun wuce Binjona. Ya kashe.

Lahadi, 28 ga Yuli



Na ƙetare Gambiya jiya, tambari nan, tambari can, na iso Kar Ayib rana na faɗuwa. Famara yana zaune a kan benci gaban mai shayi, tun hantsi yake wurin. Na miƙa masa katin. Ya duba gaba, ya duba baya, ya lashi yatsa ya goge sukarin, ya sa a aljihu. Na ce ka ga ai na ƙara maka zaƙi. Mai shayin ne ya yi dariya, shi ma ya daina.

Direbobi suka ce ba mai bin hanyar kudu bayan magariba. Na yi faɗa da uku. Na ce da ɗaya matsoraci, ya ce in hau ƙafata tunda jaruma ce. Muka kwana a bencin.

Motar farko ƙarfe shida. Iyaka ba a fara aiki da wuri ba, layi, gada, wani layin. Ruwa ya tsuge bayan Senoba. Duk hanyar nan Famara bai ce mini ko kanzil ba. Ba fushi, fushi haramun ne. Ya sayi ayaba ya ba ni biyu. Wallahi gara mari.

Daga Binjona babura biyu. Laka har gwiwa. Tun daga nesa muke jin bindigogi da ganguna, na ce wa mai babur in ka kashe mu ma ba komai, taka. Muka shigo garin ba kowa a gidaje, duk an tafi bakin kurmi. Samarin sun riga sun jeru, kai a aske, zani a ƙugu, sun fi ɗari biyu, na gaba har sun fara shigewa cikin itatuwa. Mata an tsayar da su can baya inda ba sa wucewa.

Wani tsoho ya hango mu ya kurma ihu, kawunsa ne ashe. Suka fizge shi daga babur, suka durƙusar da shi a gefen hanya, aska ba ruwa ba sabulu, har mai askin ya yanke shi a bayan kunne. Wani na tuɓe masa riga, wani na ɗaura zani. Babarsa na can cikin mata tana kiran sunansa, an riƙe ta. Ya ɗaga mata hannu. Iyakar abin da suka samu ke nan.

Ba a shiga da komai. Ya cire takalmi, ya ciro waya, ya ciro katin. 'Yan uwansa sun fi goma a wurin, kowa ya miƙo hannu. Ya ratsa su ya zo inda nake tsaye da laka.

"Riƙe, bawa. In ya ɓata, ina fitowa zan sayar da kai a kasuwar Binjona, ko da kuɗin kaza ne."

Na buɗe baki in rama. Ya ruga, shi ne na uku daga ƙarshe.

Ya shiga. Ya shiga dai.

Talata, 30 ga Yuli

Shinkafa da man ja safe, rana, dare. Mutanen nan ba su san Allah ya halicci gero ba.

Alhamis, 1 ga Agusta

Yau na ji abin da ban so ji ba, a bakin rijiya, daga wata ƙanwar Famara mai bakin tsiya. Ashe ranar Asabar ake zagayawa da kowane saurayi gidajen dangin uwa, uwarsa na gaba tana rawa, ana ɗaura masa duwatsun ado, ana sa albarka. Sau ɗaya uwa ke yi wa ɗa. Babar Famara ta ɗinka kayan tun bara. Ta fita ta yi rawar da zaninsa a hannu, gida-gida, ita kaɗai ba ɗa a bayanta.

Ita ce kuma ke zuba mini abinci. Kullum tsakiyar kifin a gefena. Ta ce ɗan Serer baƙon kakanni ne. Na ce Inna, na ƙoshi. Ta ce, "Ci, ɗana, ka sha hanya."

Wace irin ƙabila ce wannan da ba ta iya zagin mutum ba lokacin da yake bukata?

Litinin, 5 ga Agusta

Sai ƙarshen wata za su fito. Gwaggo ta ce tikitin komawa na ƙarewa da wuri bayan biki, sai na sauka Zigincor yau na yanka mana uku. Mai bayan gilashin nan ma "kati" ta ce. Na riga na fito da su tun ina na biyar a layi.

Ina fitowa na ga wani dattijo zai bi jirgin Alhamis da kwandunan mangwaro, yana nuna wa matarsa inda zai cusa katinsa da tikiti, ƙarƙashin ganyen kwando, wai don ɓarayi. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Na ce Baba, kwandon nan kulle shi za a yi, ba ka ƙara ganinsa sai Dakar, kati a jiki, magani a jiki, 'yar takardar kaya a jiki, ka zo kafin biyar, wuƙar nan ma ta ƙugunka ka bar ta gida. Ya ce yaro, kai ma'aikacin jirgi ne? Na ce Allah ya kiyaye. Matar ta ce daga ji ɗan Serer ne, su ne da shiga abin da ba ruwansu. Na wuce abina, ina sauri.

Dokokin nan har yanzu na banza ne, yawancinsu. Ban canza magana ba.

Da yamma na bi Inna gona, dashen shinkafa, tunda mai yi mata yana kurmi. Ba don komai ba, zaman gidan ne ya ishe ni. Bayana kamar an daka.

Katin na cikin gidan laya a wuyana, na fitar da layar na sa shi. Daga Zigincor zuwa Binjona na buɗe sau huɗu. Saboda gumi ne, yana iya ɓata hoton.